Tarihin Jiragen Kwatance, Daga Karan Dawa Zuwa Na'urar Buga Siffa

Idan damina ta yi tsakiya a ƙasar Shinkafi, fadamu suka cika, ƙoramu suka kawo, ba a rasa ganin yara a bakin ruwa da 'yan jiragensu na kara. Yaro zai sami karan dawa busasshe, ya ɓare ɓawon, ya yayyanka totuwar, ya sassoke ta da tsinke ko ƙayar aduwa, sa'an nan ya saki a ruwa, ya bi gefe da gudu har abin ya ɓace masa. Da jirgin nan zai tsira daga ciyawa da yashi, da doguwar tafiya ce a gabansa. Gama ruwan ƙasar nan, da na Gagare wanda ya biyo ta Ƙauran Namoda, da na Bunsuru wanda ya biyo ta wajen Zurmi, duk Gulbin Rima suke zuba. Rima ya bi ta Goronyo da Wurno ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara. Kwara kuwa ba ta tsayawa sai teku, inda manyan jirage suke.

Yaro abin da ya gani yake kwaikwayo. Da titin jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, manyan motoci suka shiga ɗauko gyaɗa da auduga zuwa tasha, sai jirgin ƙasa da mota su ma suka shiga cikin abin da ake yi da kara. To, a waɗansu ƙasashe wannan aiki bai tsaya ga yara ba. Dattawa ne masu furfura suke zama wata da watanni suna ƙera ɗan jirgin ruwa wanda bai fi kamu ɗaya ba, sarakuna suna saye, hukumomi suna ajiyewa. Abin da ya raba aikinsu da na yaro abu guda ne, watau awo. Yaro da ido yake awo, idan ƙafar motarsa ta yi girma ba ruwansa. Su kuwa sai sun rage kowane sashe na jirgin daidai da yadda suka rage ɗan'uwansa. Idan an ce an yi jirgi bisa awon 1 cikin 48, ma'anarsa ƙafa 48 na babban jirgin sun koma ƙafa 1, ƙofa da taga da igiya da ƙusa duk haka aka rage su. Irin wannan shi ake kira jirgin kwatance.

Cikin tsofaffin jiragen kwatance, na ƙasar Masar sun fi shahara. Shekara wajen 4,000 da suka wuce an yi wani babban bafaden Fir'auna, ana ce da shi Meketre. Da ya mutu aka binne shi a jikin duwatsun da ke hayin garin da yanzu ake kira Luksor. Ɓarayi sun daɗe da kwashe kabarin, amma akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da ba su gani ba. A 1920 wani Ba'amurke mai binciken kayan tarihi, Herbert Winlock, ya buɗe ɗakin nan, ya tarar da abubuwan kwatance na itace jere: rumbu, da masaƙa, da mahauta, da garken shanu ana ƙidayarsa, da jiragen ruwa fiye da goma. Mutanen Masar na zamanin nan sun gaskata mamaci zai yi amfani da su bayan mutuwa, shi ya sa suka sa su. Amma amfaninsu ya faɗo kan waɗanda ba don su aka yi ba. Jiragen da Meketre ya hau da ransa sun ruɓe tuntuni, ƙananan ne suka nuna wa masana yadda aka yi su. An ga waɗansu sun ta da jigo sun baza ƙyallen kama iska, waɗansu sun kwantar da jigon, matuƙa sun zauna sahu-sahu. Dalili kuwa, Kogin Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma daga arewa take busowa, saboda haka mai zuwa kudu iska ke tura shi, mai komowa sai ya bi ruwa da tuƙi. Har da jirgin girki mai bin na maigida a baya, da tukwane da masu tuƙa abinci a ciki. An raba kayan nan biyu, rabi a Alƙahira, rabi a Niyok. Bayan shekara 2 aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun, a can ma aka sami jiragen kwatance 35.

Maganar awo sosai kuwa a Ingila ta kafu. Tun daga tsakiyar ƙarni na 17 magina jiragen yaƙi na Sarkin Ingila suka riƙa yin kwatancin jiragensu da katako mai tauri, galibi bisa awon nan na 1 cikin 48, watau rubu'in inci a madadin ƙafa guda. A 1716 hukumar sojan ruwa ta ba da umurni a riƙa haɗo kwatance tare da zanen jirgin da za a gina. Mai karatu da ya taɓa zama a majalisa ya san dalili ba sai an faɗa masa ba. Waɗanda ke da ikon sa hannu a fitar da kuɗi ba kullum ne suka iya karanta zanen magini ba, amma idan an ajiye musu abu a kan tebur, kowa ya ɗaga ya juya, gani ya kori ji. Masu ƙerawa sukan bar cikin jirgin daga ƙasa ba su rufe shi da katako ba, don a ga haƙarƙarinsa yadda aka jera. Da yawa daga cikin waɗannan suna gidan ajiye kayan tarihin teku da ke Greenwich, a birnin London.

Akwai kuma waɗanda wahala ta koya wa sana'ar. A yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Ingila da Faransa daga 1793 zuwa 1815, Ingilishi sun tsare dubban fursunonin yaƙi, da yawansu matuƙan jirgi ne. Ba su da katako, ba su da kuɗi, sai lokaci. Suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake dafa musu, su tafasa, su kankare, su fere su falle-falle, su gina jirgi da su, su yi igiyoyinsa da zaren siliki ko gashi, su sayar a kasuwar bakin kurkuku. Ba su da zane a gabansu, da ka suka yi, don haka awonsu bai cika daidai ba, sukan ƙara wa jirgi tsawon jigo da yawan igwa fiye da yadda yake. Duk da haka, wanda ya ga ɗaya ba ya mantawa.

Har zuwa nan jirgin kwatance abin kallo ne da abin shawara. Wanda ya mai da shi abin gwaji wani injiniya ne Bature, William Froude. A zamaninsa, idan an gina jirgin tururi, ba a san ainihin gudun da zai yi ba, ko yawan gawayin da zai ci, sai an sa shi a ruwa, sa'ad da gyara ya riga ya yi tsada. Froude ya ce ƙarami zai iya ba da labarin babba, in an san lissafin. Da kuɗin hukumar sojan ruwa ya gina wani dogon kwarmin ruwa mai rufi kusa da gidansa a garin Torquay, tsawonsa ya fi ƙafa 250, aka fara gwaji a ciki a 1872. Ana jan ɗan jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, ana auna ƙarfin da ruwa ke yi wajen tare shi. Lissafin da ya dogara a kai shi ne, ba a rage gudu yadda aka rage tsawo. Misali, jirgi mai ƙafa 400, aka yi kwatancinsa ƙafa 16, an rage shi sau 25 ke nan. To, gudun sai a rage shi sau 5 kaɗai, domin 5 sau 5 ne ya ba da 25. In ana so a san halin babban a gudun mil 20 cikin sa'a, sai a ja ƙaramin a gudun mil 4, igiyar ruwan da zai tayar za ta yi kama da ta babban. Har yau da wannan lissafi ake aiki.

Abin lura game da Froude, ba da katako ya yi jiragensa ba, da kakin kyandir ya yi, don in an gama gwaji a narke a sake wani. Ya kuma ƙera injin fira: mutum yana bin layin zane da ɗan tsinke, wuƙaƙen injin suna bin kakin suna fere shi daidai da yadda tsinken ya bi. Zane ke nan ya fara ba ƙarfe umurni, hannun masassaƙi ya ja baya kaɗan.

Aikin kaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeran fari, masu yin munduwa da likkafa da kayan adon doki, sun san shi tun kaka da kakanni. Maƙeri zai fara siffanta abin da yake so da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƙofa, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da kakin ya bari. In ta huce ya fasa yumɓun. Ta wannan hanya aka yi kayan tagullar da aka tono a Igbo-Ukwu, waɗanda suka fi shekara 1,000, da kawunan Ife da na Binin. Amfanin wannan dabara, kowace irin siffa mutum ya ga dama yana iya yi. Aibinta kuwa, mazubi ɗaya abu ɗaya yake haifa, in ana son na biyu sai a koma farko. A riƙe wannan, za a komo kansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta yawaita, sai jirgin kwatance ya sauko daga gidajen manya zuwa hannun talaka. A 1952 wani kamfani na Ingila, Airfix, ya fitar da kwatancin jirgin Golden Hind, wanda Francis Drake ya kewaya duniya da shi daga 1577 zuwa 1580. Gunduwa-gunduwa aka zuba shi, mai saye ya je gida ya manne da kansa, kuɗinsa sule 2. Aka yi ta saye. Kamfanonin Amurka da na Japan suka bi, har a 1971 waɗansu kamfanonin Japan suka haɗa kai suka shiga fitar da jiragen yaƙi bisa awon 1 cikin 700. Wani awon da ya karɓu shi ne 1 cikin 350. A wannan awo, jirgin nan Titanic da ya nutse a 1912, mai tsawon ƙafa 882, yana fitowa inci 30, mutum mai ƙafa 6 kuwa bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Amma fa arahar nan da sharaɗinta. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyum, irin waɗanda ake kasawa a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ya san sai da mazubi ake zubi. Nasu na yashi ne, ba ya cin kuɗi. Na roba kuwa da ƙarfe mai tauri ake sassaƙa shi, gwanaye ne ke yi, yana cin watanni da dukiya mai yawa, ba ya mai da kuɗinsa sai an sayar da dubbai. Saboda haka kamfani ba ya yi wa jirgi mazubi sai wanda ya yi suna. Jirgin fito, da na dakon gyaɗa, da na kogin da ba a san sunansa a Turai ba, ba mai kula da su.

Ko wanda ya yi sunan ma, siffa ɗaya aka ba shi, alhali jirgi ba ya mutuwa da kamannin da aka haife shi da su. Ga misali. Ingilishi sun yi wani jirgin yaƙi suka sa masa sunan ƙasar nan, Nigeria. An sa shi a ruwa a 1939, tsawonsa ƙafa 555, manyan igwoginsa 12, uku-uku a ɗakuna huɗu masu juyawa. A watan Agusta na 1942, yana rakiyar jiragen kai abinci da mai zuwa tsibirin Malta, aka harbe shi da nakiyar ƙarƙashin ruwa, aka kai shi Amurka gyara. Daga baya aka sayar wa Indiya, ya koma aiki a 1957 da sabon suna, Mysore, an cire ɗakin igwa guda, saura igwa 9, an sake kayansa da yawa. To, wanne ne jirgin? Na 1940, ko na 1942, ko na 1957? Mai son kwatance na gaskiya shekara guda yake zaɓa, wani ma rana guda, ya ce yadda jirgin yake ran nan yake so. Abin da babu a kwali kuwa, dole ya yi da hannunsa, da waya da guntun roba da reza, idanu suna ƙaiƙayi. Wannan giɓi ne na'urar zamani ta zo ta cike.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko zane a kwamfuta. A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna ana iya yin zane a fuskar kwamfuta, ita kuma ta riƙe awon kowane layi. Daga nan abin ya yi ta ci gaba, har aka kai ga zane mai tsawo da faɗi da kauri, wanda mai yinsa zai juya shi ya dubi bayansa da ƙarƙashinsa kamar yana riƙe da shi a hannu. Ya zana anka sau ɗaya da awonta na gaskiya, in ya so ta 1 cikin 48 ya faɗa wa kwamfuta, in ya so ta 1 cikin 700 ya faɗa, ba sai ya sake zane ba.

Na biyu na'urar da za ta mai da zanen abin taɓawa. A 1981 wani Bajapane, Hideo Kodama, ya wallafa hanyar daskarar da ruwan roba da haske, falle bisa falle. A 1984 wani Ba'amurke, Charles Hull, ya nemi takardar mallakar irin wannan fasaha, aka ba shi a 1986, ya kafa kamfani. A 1989 wani kuma, Scott Crump, ya zo da tasa hanyar ta narka zaren roba. A kasuwa ana ce da na'urar firinta 3D, ukun nan kuwa tsawo ne da faɗi da kauri. Kalmar bugawa aro ce kurum daga maɗaba'a, gama aikinta ya fi kama da gini.

Ga yadda take yi. Kwamfuta za ta yanka zanen falle-falle, daga gindi zuwa kai, kamar yadda ake yanka albasa. Sa'an nan na'urar ta bi fallayen ɗaya bayan ɗaya. Irin ta Crump tana jan zaren roba daga kan ƙwarya, ta narka shi a wani ɗan baki mai zafi wanda raminsa bai kai rabin milimita ba, bakin yana yawo yana ajiye robar, in ya gama zagaye ya ɗaga kaɗan ya aza wani a kai. Wanda ya ga maginin rumbu yana aza ƙasa zagaye bisa zagaye, ko ya ga zanzaro yana gina ɗakinsa a jikin bango, ya riga ya ga aikin na'urar nan. Wani abin dariya, robar da aka fi amfani da ita a wannan hanya daga sitacin masara ko ruwan rake ake yinta. Ashe jirgin dattijon Turai da na yaron Shinkafi duk daga gona suka fito.

Amma ga ƙananan kayan jirgi, irin su igwa da fitila da tsani da kwalekwalen ceto, hanyar haske ta fi kyau. Ana zuba ruwan roba a ɗan kwano mai gindin gilashi, a saukar da wani faranti har ya kusa taɓa gindin. Daga ƙasa sai a haska siffar falle na farko da wani irin haske wanda ke cikin hasken rana, inda hasken ya taɓa ya daskare ya manne wa farantin. Farantin ya ɗaga, a haska na biyu. Haka abin zai yi ta fitowa daga ruwan, yana rataye kai ƙasa kamar jemage. Kaurin falle guda yakan zama kashi 1 cikin 20 na milimita, watau falle 500 ke yin inci guda, ido ba ya raba su. Duk inda siffar ta yi reshe babu abin da zai riƙe shi, sai mai zane ya sa 'yan tokare, a gutsure su daga baya. In an gama a wanke, a shanya a rana ya ƙara tauri. Ruwan robar yana cin fata, ba a taɓa shi sai da safar hannu. Aikin yana cin sa'o'i, in wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa an yi hasara. Robar masara kuma ba ta son zafi, in an bar ta cikin mota a rufe da bazara sai ta lanƙwashe.

Har ila yau, akwai ruwan robar da ke ƙonewa ƙurmus kamar kaki. Da shi ake buga farfelar jirgi, a lulluɓe, a gasa, a zuba tagulla a gurbin. Dabarar maƙeran fari ce ba ragi, sai dai yanzu in mazubi ya fashe, siffar tana nan a kwamfuta, a buga ta biyu da ta ɗari.

Da farko sai manyan masana'antu ke iya sayen na'urorin nan. Abin da ya karya tsadarsu, a 2005 wani malamin jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara ƙera wadda za ta iya buga waɗansu sassan jikinta, ya saki zanen kyauta ga kowa. A 2009 kuma wa'adin takardar mallakar Crump ya cika, kowa ya sami damar ƙerawa. A 2013 wani mutumin Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya haɗa tasa da tarkacen matattun kwamfutoci da ya tsinto a juji. Wani kamfani da aka kafa a Holan a 2007, Shapeways, ya zama kamar kasuwa: mai zane ya kai zanensa ta intanet, mai so ya biya, kamfanin ya buga ya aika masa. Masu kwatancin jirage sun ci moriyarsa ƙwarai, gama ko mutum ɗaya ne a duniya yake son bututun hayaƙin wani jirgi na wata shekara, za a buga masa guda ɗaya. Kamfanin ya karye a 2024, kafin waɗansu su saye shi su sake buɗewa. Amma kafin nan ƙananan na'urorin haske sun riga sun shiga gidajen mutane.

Kada mai karatu ya zaci gwaninta ta ƙare. Shingen ƙarfen da ke gefen jirgi, mai kaurin inci guda, in an rage shi sau 350 kaurin gashin kai yake komawa, da an taɓa ya karye. Dole mai zane ya ƙara masa kauri, amma in ya ƙara da yawa jirgin ya yi kama da na wasan yara. Sanin iyakar ƙaryar da ido zai yarda da ita, ba kwamfuta ce ke koyar da shi ba. Babbar magana kuma, na'ura ba ta san jirgi ba. Abin da aka auna aka ba ta shi take bugawa, abin da ba a auna ba, in an ƙaga mata, ta buga ƙagen da kyau kamar gaskiya.

A nan ne labarin ya komo gida. A 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, a cikin tafiyar nan kuwa ya bi ta Zurmi. Abin da yake nema shi ne inda Kwara ta ƙare. Ya sake dawowa, ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1827 bai gani ba. Baransa, Richard Lander, shi ne ya komo da ƙanensa a 1830, suka bi Kwara cikin kwalekwale daga Busa har teku. Da labari ya kai Liverpool, wani attajiri ɗan gidan magina jirage, Macgregor Laird, ya shirya jiragen tururi biyu a 1832. Babban aka sa masa suna Quorra, watau Kwara. Ƙaramin, na ƙarfe, mai tsawon ƙafa 70, aka sa masa suna Alburkah, watau albarka, kalmar da suka ɗauko daga bakin Hausawa. Yana cikin jiragen ƙarfe na farko da suka yi doguwar tafiya a teku. A 1833 ya hau Kwara har Raba ta ƙasar Nufe. Sai dai sunan bai bi tafiyar ba: cikin Turawa 48 da suka taso, 9 kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya cinye mafi yawa, Lander kansa harbinsa aka yi a kogin, ya mutu a 1834.

Jirgin ya daɗe da shuɗewa. Mai son ya yi kwatancinsa yau, madogararsa littafin da Laird da likitan tafiyar, Oldfield, suka buga a 1837, da zane-zanen da aka yi a lokacin, da abin da aka sani na sauran jiragen zamanin. Bisa awon 1 cikin 48, Albarka zai fito inci 17 da rabi. Wani jirgin, Dayspring, wanda ya kawo Likita Baikie, ya daki dutse kusa da Jebba a 1857 ya fashe. Shi an yi sa'a, daga baya an tsamo waɗansu ƙarafan injinsa aka kafa su a tashar jirgin ƙasa ta Jebba, akwai abin da za a sa wa ma'auni.

Jiragen Turawa ke nan, waɗanda aka rubuta labarinsu. Na 'yan ƙasa fa? A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin ƙafa 16. Masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono wurin a 1994, aka fitar da shi a 1998, aka kai Damaturu. Kwalekwale ne na gungume guda, dangin maɗaci, tsawonsa ƙafa 27 da rabi, bakinsa da gindinsa a fere tsaf. Da aka auna shekarunsa aka ga sun kai 8,000, ya ninka jiragen Meketre sau biyu, babu jirgin da aka tono a Afirka da ya kai shi tsufa. Laka ce ta ajiye wannan, ba mutum ba.

Kwalekwalen Sarkawa da na 'yan fito na Rima da Bunsuru da Gagare ba a yi musu zane ba, a kan masassaƙi awonsu yake. Gadoji sun rage aikin fito, manyan itatuwan da ake sassaƙa gungume guda da su sun yi wuya, jirgin katako mai ƙusa yana maye gurbi. Yanzu kuwa akwai hanyar da mutum zai zagaya abu da wayar hannu, ya ɗauki hotonsa ta kowace fuska, kwamfuta ta haɗa hotunan ta fitar da siffarsa, a gwada da igiyar awo a daidaita. Kwalekwalen da aka jawo bakin yashi da rani, yini guda ya isa a yi masa haka. Akwai kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, tsakaninta da Gagare kuwa ba nisa. In aka buga kwalekwale mai girman na Dufuna bisa awon magina jiragen Sarkin Ingila, zai fito inci 7, faɗinsa bai kai rabin inci ba, ya kwanta a tafin hannun yaro da ɗan saura.